Moltke: jarumi ne ko magatakardan yaƙi?

Malamin Tarihi

Assalamu alaikum 'yan zaure. Makon jiya Baba Saje ya yi wata magana a nan da ta tsaya mini a rai, cewa duk hafsan da bai taɓa kwana a rami tare da yaransa ba, bai kai a kira shi soja ba. Ranar ban tanka ba, amma tun lokacin nake son in kawo labarin wani mutum mu auna maganar da shi. Sunansa Helmuth von Moltke, ana ce masa Moltke Babba don a bambanta shi da ɗan ƙanensa mai suna irin nasa.

An haife shi ranar 26 ga Oktoba 1800 a garin Parchim da ke arewacin Jamus ta yanzu. Gidansu akwai asali, amma babu dukiya. Mahaifinsa ya shiga sojan Danmak, shi ya sa yana ɗan shekara 11 aka kai shi makarantar horon soja a Copenhagen, ya fito laftana a rundunar Danmak. A 1822 ya ga babu gaba a can, ya ƙetara Purushiya, masarautar Jamusawa mai hedikwata a Balin, ya sake somawa daga ƙasa. Daga 1823 zuwa 1826 yana makarantar yaƙi ta Balin, lokacin da Clausewitz, shahararren masanin dabarun yaƙi, ke shugabantarta. Bayan nan aka tura shi aikin safiyo, shekara da shekaru yana yawo yana auna ƙasa yana zana taswira. Talauci bai sake shi ba. Har fassarar wani ƙaton littafin tarihi ya karɓa daga Ingilishi zuwa Jamusanci don ya samu kuɗin sayen doki, ya yi nisa da aikin, littafin bai fito ba, kuɗin ma kaɗan ya gani a ciki.

Ku dubi yadda girma ya riƙa zuwa masa da rarrafe: kyaftin a 1835, manjo a 1842, kanar a 1851. Sai a 1857, yana da shekara 57, aka ba shi shugabancin majalisar hafsoshin Purushiya, ofishin da a lokacin ba a ɗauke shi bakin komai ba. A duk tsawon nan bai taɓa riƙe ko bataliya guda ba. Amma wannan mutumin ne ya tsara yaƙi uku cikin shekara bakwai, da Danmak a 1864, da Ostiriya a 1866, da Faransa a 1870, ya kuma ci duka ukun. Ya zauna a kujerar har 1888.

To Baba Saje, ga tambayata cikin girmamawa: wannan soja ne ko ba soja ba ne? Ni dai ra'ayina, a zamaninsa ba a yi sojan da ya kai shi ba.

Saje Mai Ritaya

Wa alaikumus salam Malam. Na ji bayaninka, Allah ya ƙara ilimi. Maganata tana nan inda na ajiye ta. Mai alƙalami daban, mai bindiga daban. Wanda ya zana kibiya a kan takarda ya ce runduna ta bi nan, bai san nauyin takalmi a cikin taɓo ba, bai san yadda cikin mutum yake yi in ya ji ƙarar farko ba. Na yi aiki ƙarƙashin masu irin wannan ilimi, wasunsu mutanen kirki ne, amma ranar da wuta ta buɗe, wanda muke kallo shi ne wanda ke tsaye kusa da mu. Ka ce ya ci yaƙi uku. Wa ya ci? Yaran talakawan da suka kwanta a gonakin mutane ba su tashi ba, su suka ci. Shi nasa sa hannu.

Amma ka ba ni amsar abu ɗaya: ya taɓa jin warin albarushi kafin a ɗora shi a wannan kujera?

Malamin Tarihi

Ya ji, Baba, kuma kashi ya sha a ranar. Wannan ne ma ɓangaren rayuwarsa da ya fi jan hankalina.

A 1835 ya ɗauki hutu ya tafi yawon buɗe ido, ya faɗa Santambul. Sarkin Daular Usmaniyya na lokacin, Sultan Mahmud na Biyu, yana fafutukar gina sabuwar runduna bayan ya rushe tsohuwar a 1826, sai aka nemi Moltke ya tsaya ya taimaka, Balin ta amince. Hutun wata shida ya koma shekara huɗu. Ya koyi Turkanci, ya zana taswirar Santambul da mashigin ruwanta. A 1838 aka tura shi gabas ya zama mashawarcin Hafiz Pasha, kwamandan rundunar Anatoliya. Ya ratsa duwatsu a kan doki, ya bi kogin Dijla har Mosul a kan wani irin kwalekwale na salkunan fata da ake hura wa iska a ɗaure itace a kai.

Abokin gabarsu shi ne Ibrahim Pasha, ɗan Muhammad Ali mai mulkin Masar, wanda ya riga ya ƙwace Sham. Rundunonin biyu suka fuskanci juna a Nizip, kusa da kogin Furat. Moltke ya lura Ibrahim yana zagayowa zai ɓullo musu ta baya, ya ce wa Hafiz Pasha a ja da baya zuwa Birecik inda suka riga suka haƙa ramuka suka yi shinge. Hafiz ya ƙi. A wasiƙun da Moltke ya rubuta gida ya ce malaman da ke kewaye da Pasha ne suka nuna masa ja da baya abin kunya ne. Ranar 24 ga Yuni 1839 aka gwabza, Moltke yana wajen igwa, cikin 'yan sa'o'i rundunar Turkawa ta watse. Da ƙyar ya tsira, ya yi kwanaki a kan doki kafin ya kai bakin teku. Mako guda bayan yaƙin Sultan Mahmud ya rasu, labarin bai ma iske shi ba.

Ni a ganina a Nizip aka ƙera Moltke. Ya ga da idonsa abin da ke faruwa in mai sani ba shi da iko, mai iko kuma ba ya sauraro. Sauran rayuwarsa duk ƙoƙari ne na kada haka ta sake faruwa da shi.

Ƙaramin Ɗalibi

Malam a gafarce ni, Daular Usmaniyya da ka ambata, ta Shehu ce?

Malamin Tarihi

A'a ƙanena, ta Turkawa ce mai hedikwata a Santambul, sunan ne ya zo ɗaya. Ka kyauta da ka tambaya, na san ba kai kaɗai ya rikita ba.

'Yar Zazzau

Malam, ina da ja a kan labarin Nizip. Yawancin abin da ake maimaitawa daga bakin Moltke ya fito, shi ne mai ƙara, shi ne shaida. Bature ɗan shekara 38 ya koma gida bayan an sha kashi, me kake tsammanin zai rubuta? Dole ya ce na faɗa musu ba su ji ba. Mai yiwuwa gaskiyarsa ce, ban ce ƙarya ya yi ba. Amma Hafiz Pasha yana riƙe da runduna mai cike da sababbin ɗauka, da yawansu Kurdawa ne da aka kamo da ƙarfi, waɗanda in aka ce a juya baya cikin dare ba lallai a wayi gari da rabinsu ba. Ta yiwu abin da yake tsoro ke nan, Baturen ya fassara shi da taurin kai. Mu riƙa yi wa wanda bai bar rubutu ba adalci.

Malamin Tarihi

Na karɓi wannan gyara, Malama. Gaskiya ne rundunar ta Hafiz ba ta da haɗin kai, shi kansa Moltke ya ambaci yawan masu gudu daga cikinta.

Baban Ummi

Ni fa duk wannan yabo ban gane masa ba. Ku bar zancen ƙwaƙwalwa, ku dubi ƙarfe. A 1866 sojan Purushiya yana riƙe da bindigar Dreyse, wadda ake sa wa harsashi ta gindi, mutum yana kwance rub da ciki zai ɗura ya harba. Ɗan Ostiriya kuwa tasa ta baki ake ɗura ta, kamar ta maharbanmu, sai ya miƙe ya tura da sanda, kafin ya gama an sakar masa uku ko huɗu. Ga shi hafsoshinsu sun koya musu su ruga a dunƙule da banati. Ko wa ka ɗora a kujerar Moltke zai ci wannan yaƙi. Sannan Ostiriya tana faɗa ta fuska biyu, Italiya ta taso mata ta kudu, wannan kuma aikin Bismarck ne, firaministan Purushiya. Sojojin da ya yi amfani da su, Roon ministan yaƙi ne ya ƙara yawansu ya gyara tsarin ɗaukarsu. Bismarck ya share fage, Roon ya wasa wuƙa, Moltke ya zo ya tarar da nama a ɗaure.

Kuma akwai abin da ba ku taɓo ba. Danmak ce ta raine shi, ta ciyar da shi, ta koya masa aikin soja. A 1864 shi ne ya shirya yadda aka ƙetara ruwa aka ci tsibirin Als ranar 29 ga Yuni. A wajenmu wannan suna gare shi.

Ɗan Reluwe

Yallaɓai Baban Ummi, bari in shigo ta inda na sani. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a gidan reluwe na tashi. Ina tuna wani dogon littafi da yake ajiyewa, mai layi-layi, da fensir ɗaure da zare a jikinsa. Da dare zai zauna gaban fitila yana lissafin wane jirgi zai jira wane a wace tasha, don layi ɗaya ne, biyu ba sa wucewa lokaci guda. In ya yi kuskuren minti goma a takarda, gobe tarago talatin za su yini a rana. Wanda bai ga wannan ba zai ɗauka tura sojoji a jirgi abu ne na a ce ku hau ku tafi.

Moltke ya gane jirgin ƙasa tun yawancin janar-janar suna kallonsa abin 'yan kasuwa. Tun 1841 yana cikin hukumar gudanarwar layin Balin zuwa Hamburg, a 1843 ya yi rubutu a kan yadda ya kamata a zaɓi hanyar da dogo zai bi. Da ya hau kujera sai ya sa hafsoshinsa suka zauna suna lissafin tarago nawa bataliya take ci, doki nawa ke shiga tarago guda, wace tasha ce ke da dandamalin sauke igwa. A 1866 Purushiya tana da layi biyar masu zuwa bakin iyaka, Ostiriya tana da ɗaya. Ostiriya ta riga su fara tara sojoji da makonni, don Sarki Wilhelm na Purushiya ya yi ta jan ƙafa ba ya son a ce shi ya fara, amma da aka ba da izini cikin kusan kwana 25 Moltke ya cike giɓin. A 1870 Faransa ce ta shelanta yaƙi ranar 19 ga Yuli, amma sojojinta na ko-ta-kwana suna ta gararamba a tashoshi, wani yana neman bataliyarsa, wani yana neman kakinsa. Cikin ƙasa da mako uku Jamusawa sun sauke mutum wajen 380,000 a bakin iyaka, kowa da inda zai tsaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bindigar da kake magana sai an kai mai riƙe da ita wurin a kan lokaci kafin ta yi amfani.

Saje Mai Ritaya

Ɗana, maganar mahaifinka ta taɓa ni, Allah ya gafarta masa. Amma ka tsaya a tasha, ni kuma daga tasha nawa aikin yake farawa. An taɓa ajiye mu a wani daji, ba sai na faɗi wurin ba. A takarda an rubuta mota za ta kawo abinci da ruwa ranar Talata. Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Muka koma garin kwaki da muka ɗaure a leda, cokali uku-uku, ruwan kuwa na wani kududdufi ne da muke tacewa da hular sanyi. Wani yaro a cikinmu, bai fi shekara 20 ba, leɓensa duk ya tsage, ya dube ni ya ce Oga, sun san muna nan kuwa? Har yau ban manta muryarsa ba. Ranar Juma'a motar ta zo. A ofis kuwa na tabbata an sa alamar an kai tun Talata.

Shi ya sa nake tambaya: sojojin Moltke da jirgi ya sauke, daga nan wa ya ciyar da su?

Ɗan Reluwe

A nan ka kama ni, Baba. A 1866 kaya sun taru jibgi a tashoshin ƙarshe, burodi ya yi fumfuna, ciyawar dawaki ta ruɓe, don kekunan doki ba su isa su bi sojoji da su ba. Sojojin a kan manoman Bohemiya, yankin Ostiriya da aka yi yaƙin a cikinsa, suka rayu, abin da suka tarar shi suka ci. Lissafinsa ya fi ƙarfi wajen kai mutane fiye da wajen bin su da abinci.

Malamin Tarihi

Tambayar Baba Saje ita ce ta kai mu zuciyar dabarar mutumin. Moltke ya san babbar runduna in ta taru wuri guda, yunwa za ta ci ta kafin abokin gaba ya zo. Mutum 30,000 in suka hau hanya ɗaya da igwoginsu da kekunansu, na gaba zai isa masauki na baya bai daɗe da tashi ba. Don haka ƙa'idarsa ita ce a yi tafiya a rarrabe, a haɗu a fagen fama. A 1866 ya shiga Bohemiya da runduna uku ta hanyoyi daban-daban, tsakaninsu tafiyar kwanaki. Tsofaffin janar-janar suka ce hauka ne, Benedek kwamandan Ostiriya zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya murƙushe.

Ranar 3 ga Yuli aka haɗu a Königgrätz, wasu na ce wa wurin Sadowa. Kowane ɓangare ya haura mutum 200,000. Runduna biyu suka fara tun safe cikin ruwan sama, ta uku ta Yarima mai jiran gado tana can nesa, umarnin ma a kan doki aka kai mata cikin dare. Har azahar ta kusa ba a gan ta ba, igwogin Ostiriya suna ta ɓarin wuta, hankalin Sarki ya tashi. Ana ba da labarin cewa Bismarck ya miƙa wa Moltke gwangwanin sigari, ya ga ya tsaya ya zaɓi mai kyaun a natse, daga nan ya san mutumin bai karaya ba. Da rana rundunar Yarima ta ɓullo ta gefen dama na Ostiriya ta ci tudun Chlum, yaƙi ya ƙare. Purushiya ta yi asarar mutum wajen 9,000, Ostiriya sama da 40,000 har da fursunoni. Kuma ku sani, sai ranar 2 ga Yuni na shekarar, wata guda kafin wannan rana, Sarki ya ba shi ikon aika umarni kai tsaye ga kwamandoji. Akwai janar ɗin da aka ce ya karɓi takarda a filin daga ya ce umarnin ya yi kyau, amma wane ne Janar Moltke?

Yanzu ga amsar Baban Ummi a kan ƙarfe. A 1866 bindigar Purushiya ta fi, amma igwar Ostiriya ta fi tasu aiki. A 1870 abin ya juye: bindigar Chassepot ta Faransa ta ninka Dreyse nisan harbi, sai dai igwar Krupp ta Jamusawa ta fi ta Faransa. In ƙarfe ne kaɗai, ai da an raba nasarar. Abin da bai canza ba a yaƙin biyu shi ne hafsoshin da Moltke ya horar da hannunsa, ya rarraba su ga kowane kwamanda, duk tunaninsu iri ɗaya, ko waya ta yanke sun san abin da zai so a yi.

Zancen Danmak kuwa, Bajamushe ne haifaffen Mecklenburg, ya kuma ajiye aikinsu bisa ƙa'ida shekara 42 kafin wannan yaƙi. Ban ga cin amana a nan ba.

Baban Ummi

To Malam, in tunaninsu ɗaya ne, me ya faru a watan Agusta 1870? Steinmetz, kwamandan Runduna ta Ɗaya, tsoho mai kafiya, ya yi gaban kansa ya afka wa Faransawa a Spicheren ranar 6 ga wata, ya tare wa wata rundunar hanya, ya ɓata tsarin da aka yi. Ranar 18 a Gravelotte da Saint-Privat aka tura dakarun fadar Sarki su hau fili fetal a gaban Chassepot ba tare da igwa ta share musu hanya ba, mutum wajen 8,000 suka zube cikin abin da bai kai awa guda ba. A wannan yini kaɗai Jamusawa sun rasa kimanin 20,000, sun fi Faransawa asara. Da Bazaine kwamandan Faransawa yana da zuciya ya fito ya kai farmaki da yamma, da yanzu wani labarin muke yi. Moltke ya yi sa'ar abokan gaba ne, Benedek da bai so muƙamin ba tun farko, da Bazaine da ya koma Metz ya rufe kansa.

Malamin Tarihi

Duk abin da ka faɗa haka ne, kuma shi ma bai ɓoye ba. Shi ne ya rubuta a 1871 cewa babu tsarin yaƙin da ke da tabbas bayan haɗuwar farko da babbar rundunar abokin gaba. Bai ɗauki kansa mai duba ba. Shi ya sa umarninsa gajeru ne, ya faɗi abin da ake nema, ya bar wa na wurin ya nemi hanya. Wani lokaci wannan sakin linzami ya jawo irin ta Steinmetz, wanda aka cire shi a watan Satumba.

Amma ka dubi abin da ya yi mako guda bayan Gravelotte. Rundunoninsa sun miƙa yamma sun nufi Faris, sai labari ya fara shigowa, har da na jaridu, cewa MacMahon, wani kwamandan Faransa, ya ɗauki rundunarsa ya yi arewa maso gabas zai je ceton Bazaine. Moltke ya juya runduna biyu cur zuwa arewa, ta cikin dazuzzukan Argonne, da duk kayansu. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, amma juya mutum sama da 200,000 ba kamar juya keke ba ne. Ya matse Faransawa a Sedan, bayansu iyakar Beljiyam, ya yi musu zobe da igwa. Ranar 2 ga Satumba suka miƙa wuya, mutum sama da 100,000 suka shiga hannu, har da Sarki Napoleon na Uku da kansa. Kuskuren MacMahon ne, na yarda. Sai dai kuskure yana wucewa a banza in babu mai ganinsa da wuri. Lokacin saura wata biyu ya cika shekara 70.

'Yar Zazzau

Ina ta karanta ku, kowa yana lissafin wa ya fi wa dabara, ni kuma abin da ya biyo bayan Sedan ne ya dame ni. Moltke ya ɗauka yaƙi ya ƙare, tunda sarki ya shiga hannu. Faransawa suka kafa jamhuriya suka ce ba su san zancen ba. Gambetta, minista a sabuwar gwamnatin, ya fice daga Faris a cikin balan-balan ya je yana tara sababbin sojoji, 'yan sa-kai suka shiga sari-ka-noƙe suna fasa gadoji suna yanke waya. Wannan yaƙin ba ya cikin littafinsa, kuma martanin ya yi muni: ƙona ƙauyuka, tarar kuɗi a kan garuruwa, kama dattawa a yi garkuwa da su. Tun a ranar Sedan an ƙona Bazeilles an kashe farar hula, a watan Oktoba aka ƙona Châteaudun.

Faris kuma aka yi mata ƙawanya daga 19 ga Satumba har 28 ga Janairu 1871, cikin tsananin hunturu. Mutanen gari suka cinye dawaki, suka koma karnuka da ɓeraye, har giwayen gidan namun daji aka yanka. Ku yi tunanin mai jego a wannan gari, babu madara, babu itacen jin ɗumi. Jarirai da tsofaffi ne suka fi mutuwa. Ana cewa Moltke bai so a yi wa birnin ruwan igwa ba, Bismarck ne ya matsa. Gaskiya ne, amma dalilinsa shi ne yunwa za ta fi igwa aiki. Kuma da aka zo ƙarshe, Bismarck ne ke son a yi sulhu da wuri, Moltke yana son a nausa kudu a karya Faransa gaba ɗaya, har sai da Sarki ya raba gardamar ya goyi bayan Bismarck. A ra'ayin Moltke, da zarar an fara harbi ɗan siyasa ya koma gefe. Wannan ra'ayi ne mai haɗari, kuma magadansa sun riƙe shi da hannu biyu.

Akwai ma Musulmi a cikin waɗanda suka mutu. Sojojin Aljeriya da Faransa ta kwaso sun yi faɗa a Wissembourg da Wörth a farkon Agusta, an kashe su da yawa a rigimar da ba tasu ba.

A 1880 ya rubuta a wata wasiƙa cewa dawwamammen zaman lafiya mafarki ne, kuma ba ma mafarki mai daɗi ba. Mutumin da ya ga Saint-Privat ne ya rubuta haka. Ni ba zan iya kiransa gwarzo ba, Malam, ko da ya fi kowa iya aikinsa.

Malamin Tarihi

Ba zan kare wannan wasiƙa ba, Malama, ni ma tana ci mini rai. Abin da zan ƙara kawai, a watan Mayu 1890 ya tashi a majalisar dokoki, yana da shekara 89, ya ce zamanin yaƙin sarakuna ya wuce, mai zuwa na al'ummai ne, zai iya kai shekara bakwai, zai iya kai talatin, kuma kaiton wanda ya fara cinna wa Turai wuta. Ina jin watannin nan na bayan Sedan ne suka koya masa haka.

'Yar Zazzau

Ya faɗa, amma a 1887 shi da mataimakinsa Waldersee sun nemi a riga Rasha kai hari, Bismarck ne ya hana. Kuma injin da ya ƙera, na jadawalin jirage da ba ya jiran kowa, shi ɗan ƙanensa ya tayar a 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ɗan Garwa

Salamu alaikum, daga Kamaru nake bin ku. Mu wannan tarihi ya iso har ƙofar gidanmu. Daular Jamus da aka shelanta a fadar Versailles ranar 18 ga Janairu 1871, igwogin Moltke na kewaye da Faris, ita ce ta kira taron Balin a 1884, ita ce ta kafa tuta a Kamaru a wannan shekarar. Da Ingilishi suka fitar da Lamiɗo Zubairu daga Yola a 1901, Jamusawa ne suka tare shi a Garwa, suka sake karya shi a Marwa a farkon 1902. Moltke ya rasu tun 24 ga Afrilu 1891, ba shi da hannu a ciki, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Amma duk lokacin da na ji ana yaba ƙwarewar sojan Jamus, mahayan da bindiga mai ruwa ta zubar a Marwa nake tunawa.

Saje Mai Ritaya

Malam, na saurari kowa. Zan rage maganata amma ba zan janye ta ba. Da wanda ke lissafin motarmu a wancan daji irin wannan mutumin ne, mai kwana a kan takarda don kada a yi kuskuren yini guda, wataƙila da ruwa ya zo ranar Talata. Wannan na ba shi, soja ne. Amma ka ce ba a yi kamarsa ba, a nan muka rabu. Dubu takwas ɗin nan da suka hau fili a Saint-Privat sun san abin da ke jiransu, suka tafi. In ana rabon suna, a fara da su.

Ƙaramin Ɗalibi

Malam, wai da gaske ne akwai muryarsa a naɗe? Wani ya faɗa mini ban yarda ba.

Malamin Tarihi

Da gaske ne. A watan Oktoba 1889 wani ma'aikacin Edison, Ba'amurken nan mai ƙirƙiro na'urori, ya je gidan gonarsa a Kreisau da na'urar naɗar murya ta farko-farko, ya ɗauke shi yana magana yana karanto baitoci. Sai a 2012 aka sanar an gano faifan. Mutumin da ake yi wa kirari da mai shiru cikin harsuna bakwai, ga shi muryarsa ta rage. Tana intanet, akwai ƙara sosai a ciki, sai ka sa abin kunne kafin ka ji shi da kyau.

Baban Ummi, ban manta da zancen Benedek ba. Gobe in Allah ya kai mu zan kawo abin da ya faru tsakaninsa da Sarkin Ostiriya kwana biyu kafin Königgrätz, lokacin da ya aika waya yana roƙon a yi sulhu ko ta halin ƙaƙa.